Ranar da Na Tura Mota a Gaban Surukina

Har yau in na ga farar safar hannu sai raina ya ɓaci.

A shekarun baya ina aiki a wani gareji a garin Sterling, can ƙasar Turawa, wajen wani tsohon Bature mai gyaran motocin da suka girmi kakan kowa. Wata rana aka sauke mana wani abu a tirela. Na ce, "Oga, ina sauran motar?" Ya ce ai ke nan. Tayoyi huɗu sirara kamar na keke, injin, sitiyari, sai dogayen ƙarafa biyu da akwatin katako a matsayin kujera. Wai a zamanin da, haka ake sayar wa attajirai mota, ƙwarangwal zalla, kowa ya je a ƙera masa bodi. Wannan kuwa ta gwaji ce, kamfanin da ya ƙera ta bai taɓa sayar da ita ba. Mu za mu shirya ta a kai ta gwanjo.

Ni da na koyi aiki a Kano, na san yadda ake shirya mota in za ta kasuwa: wanka, fenti, a sa ta ƙyalli har mai saye ya ga haƙoransa a jikinta. Ina ɗauko gwangwanin fenti, Oga ya dafe ƙirji kamar zai faɗi. Wai tsatsar ita ce darajar. Tsatsa! Da buroshin haƙori na goge motar nan, wallahi, har sai da bayana ya lanƙwashe.

Amma injin ya tashi. Wani ƙarfe ake murzawa a gaba kamar injin niƙa, ya yi tari, ya yi atishawa, ya kama. Oga ya rungume ni ya ce, "Ranar gwanjo kai za ka shigar da ita."

A daidai lokacin surukina ya zo daga gida ganin jikoki. Dattijon nan sauran surukansa likita ne da injiniya, ni kuwa in zai gabatar da ni sai ya ce, "Wannan yana taɓa motoci." Yana taɓawa! Na ƙudura sai ya gan ni a kan sitiyarin motar da likitan ba zai iya sayen tayarta ba. Na gayyace shi, na sa shaddata mai sitaci, na kafa hula.

Mun isa zauren gwanjo, na zaunar da shi a layin gaba, na zagaya baya. Sai Oga ya miƙo min farar safar hannu.

Na ce, "Ta tuƙi ce?"

Ya ce, "Ta turi ce. Ba a tayar da irin wannan a cikin zaure, hayaƙi. Ai na ce kai za ka shigar da ita."

A sitiyari kuwa wani ma'aikacin wurin aka ɗora, mutumin da bai san inda ake zuba mata mai ba. Jama'a, a garinmu wa ke tura mota? Wanda tasa ta mutu a tsakiyar titi, ana masa hon ana zaginsa. Na tsallaka teku, na yi watanni ina shan tsatsa, don in zama kwandasta cikin shadda?

Na tura. Ina zufa, hula tana zamewa, Turawa suna tafi. Ban yarda na kalli layin gaba ba.

Ashe layin gaba ya taso. Dattijo ya ga surukinsa na fama da matacciyar mota, mutum ɗari suna zaune ba mai kunyar da zai taimaka. Ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya hau dandamali, ya danna hannayensa biyu tsirara a kan tsatsa mai daraja, ya ce, "Bismillah! Kai direba, sa mata giya biyu!"

Na ce, "Baba, don Allah ku koma ku zauna."

"Rufe min baki ka tura! In ta ɗauki gudu ya saki kuloci."

Kuma da ƙarfinsa! Motar da aka ce a tafi da ita kamar ƙwai ta nufi teburin mai gwanjo, na kan sitiyari yana laluben birki bai san a gefe yake ba. Ni na yi tsalle na ja shi. Masu gadi suka zo da gudu, ɗaya yana goge wurin da Baba ya taɓa da ƙyalle. Baba ya dubi tafin hannunsa ya ce, "Tambaye shi, ni ne na ɓata ta ko ita ce ta ɓata ni?"

An sayar da motar, wai an yi tsada. Ni me ya dame ni?

A hanyar gida na yi bayani har bakina ya bushe: tana tashi, ni na tayar da ita, doka ce ta wurin. Yana ta gyaɗa kai. Muna shiga gida ya ce wa 'yarsa, "Mijinki yana da ƙoƙari, Allah ya sani. Amma a nema masa inda zai ƙaro koyo. Mota ba bodi, ba fenti, kuma ba ta tashi."

Da can ina taɓa motoci. Tun daga ranar, a duk dangin matata, ni ne mai tura su.