Tantabarun Kaka Za Su Koma Dauran

Jiya ƙanena ya same ni a Ƙauran Namoda yana neman tantabaru biyu. Ya gyara tsohon gidanmu na Dauran zai koma da iyalinsa, amma tukwanen tantabarun da ke jikin katanga wayam suke.

Nan take kakarmu ta faɗo mini a rai. Tantabarunta tsatson waɗanda mahaifiyarta ta zo da su daga Jangeru ne, kuma duk jikan da zai bar gida sai ta ba shi biyu. Ranar tafiyata tana watsa musu gero, hannunta na ƙanshin daddawa, na nuna wani ƙaton fari.

Ta yi dariya ta ce, "A'a maigidana, babba ba ya zama, gida yake komowa. Ɗauki 'yan shila, su saba da kai."

Bayan rasuwarta nata suka watse, nawa kuwa suka yi ta yaɗuwa.

Na zaɓo 'yan shila biyu, jikinsu ɗumi, na sa wa ƙanena a kwando. Allah Ya jiƙan ki Kaka, Ya haskaka makwancinki. Kin ga, ƙananan ma sun komo gida.