Kaset ɗin Baba Istifanus

Alhamis: Zariya zuwa Fagge

Tun da duku-duku na bar gida, a shekarar da soja ya miƙa wa farar hula mulki. Ikilisiyarmu ta Adventist ce ta aike ni Kano in ɗauko Baba Istifanus a bidiyo. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka kafa ta, ga shi ciwo ya kwantar da shi a gidan 'yarsa a Sabon Gari. A Kwanar Dangora muka tarar da shingen 'yan sanda, direba ya miƙa musu na goro. Da muka wuce ya ce, "Mulki ya canza, hannu bai canza ba."

Da hantsi na isa shagon Malam Sani mai kyamara a Fagge. Tun da farko na aika masa cewa kowace rana ta yi, ban da ranar ibadarmu.

"Na kauce wa Lahadinku," in ji shi. "Asabar na ba ku."

"Malam, mu Asabar muke kiyayewa, tun daga faɗuwar ranar Juma'a."

"Sabon salo, kiran salla da usur! Kirista da Asabar?"

Kyamarar tana gidan biki, ran Lahadi kuma za ta tafi ƙauye aikin fim. Abin da ya rage mana Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci.

Juma'a: Sabon Gari

Cunkoso ya riƙe acaɓarmu har la'asar. An ɗauke wuta, sai muka fito da Baba tsakar gida. Tsoho bai san kaset na tafiya ba; sai da ya tambayi lafiyar kowa a Zariya, ni kuwa ina ta satar kallon rana.

Daga baya ya kama hanyar labarin. Ya faɗi yadda mahaifinsa ya kore shi don ya ƙi zuwa gona ran Asabar. Ya kawo ranar da uban ya tsaya a ƙofar coci riƙe da sanda, sai Baba ya dubi yamma, ya ɗaga mana hannu.

"Ɗana, a kashe. Asabar ta shigo."

Raina ya ɓaci ƙwarai. "Baba, saura kaɗan fa!"

"Abin da aka kore ni dominsa zan karya saboda hoto?"

Malam Sani ya rufe kyamara, ya je ya yi magariba, ya dawo ya zauna a tabarma. Baba ya ci gaba babu kyamara, ni da Malam Sani da 'yar Baba muka ji ƙarshen: uban ya jingine sandar a waje, ya shiga ya zauna a bencin baya.

Lahadi: gida

Na iso Zariya lafiya da azahar. Kafin kyamarar ta dawo daga ƙauye, Baba ya rasu.

Ina gode wa Allah, da 'yar Baba da ta sauke ni, da Malam Sani. Fim ɗinmu a kan hannun nan da aka ɗaga yake ƙarewa. Duk inda muka haska shi, nakan miƙe in ƙarasa da baki.