'Ya'yan Ƙoƙi-ƙoƙi a Kwalba

A garinmu Dayi, idan an gama cirar auduga, karan audugar ne makamashinmu. Da shi kakata Iya Abu take hura wuta bayan sallar isha'i, mu jikoki mu kewaye ta. Ni ban taɓa iya zama wuri ɗaya ba, shi ya sa take kirana Mutsu-mutsu.

Wata rana za ta tura kara a wuta, na hango wani dunƙule manne da shi kamar busasshiyar kumfa. Na fizge. Ta ce ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi ne, ƙwaron nan mai ɗaga hannuwa kamar yana roƙo, in mayar da shi lambu. Ina! Kwalba na samu na jefa shi, na ɗaure bakin da tsumma, na ɓoye bayan rumbu.

Ranar da suka ƙyanƙyashe na kusa zaucewa don murna. Ga su nan birjik, ƙanana kamar sauro. Na zuba musu tsaki da ganye, ko kallo bai ishe su ba. Kullum na leƙa sai in ga sun ragu, kuma babu gawa ko ɗaya. Tuwo ma ya daina shiga mini.

"Ga wata tatsuniya nan tafe, ku matso," in ji Iya a wani dare, tana kallona ta gefen ido. "Ke Mutsu-mutsu, zauna mana!"

Wai uwar ƙoƙi-ƙoƙi ce tsoron tsuntsaye ya hana ta barci, ta zuba 'ya'yanta a gora ta toshe. Kowace safiya ta ƙwanƙwasa: "Kuna nan?" Su amsa: "Muna nan!" Muryoyin suna raguwa suna ƙara kauri, ita kuwa tana murna wai girma suke. Ranar da ta buɗe, ɗa guda ya fito, ƙato. Ta ce ina 'yan'uwanka? Ya shafa ciki. Tun daga ranar take ɗaga hannuwa tana neman gafara, ƙwanta kuma a jikin kara take liƙawa ta yi gaba.

Na ce, "Iya, to in an sake su ai tsuntsu zai cinye su!"

"Zai ci wasu, 'yar nan. Ba zai cinye duka ba. Su abu mai motsi suke ci, in babu kuwa sai na kusa."

Da safe ta raka ni lambu, na kwance tsumman a kan kuɓewar da ƙananan ƙwari suka dame ta. 'Yan da suka rage suka watse, ko waiwaye babu. Na yi kuka har da majina.

Bara 'yata Hafsatu ta samu gurbin karatun jinya a Zariya. Na ce daga nan Funtuwa inda muke zaune babu inda za ta, da wannan hali da hanyoyinmu suke ciki. Yarinya ta rame, magana kaɗan sai faɗa da ƙannenta. Kullum in leƙa ɗaki in ce, "Kina nan?" ta ce, "Ina nan." Ranar da na ji tambayar a bakina da kyau, sai na tuna da uwar ƙoƙi-ƙoƙi da gorarta.

Ni na kai ta tasha da kaina. Har yau tsoron bai sake ni ba, wallahi. Motar ta ɓace, mutane suka watse, na duba na ga hannuwana biyu suna nan a ɗage.