Ranar da Kaka Ta Ce Babu

Maƙwabciyata a Setapak, wata unguwa a Kuala Lumpur, ta dawo daga hutun gida, ta kawo mini tsarabar man kaɗanya a 'yar roba. Zafin garin nan ya riga ya narkar da shi. Ina buɗe murfin, ƙamshin nan mai ɗan hayaƙi-hayaƙi ya cika ɗakin, sai na samu kaina zaune a bakin gado ina tuna kakata, mahaifiyar babana.

Bayan garinmu akwai kurmin kaɗanya. Maza daji suke ce masa, tunda ba a taɓa sa garma a cikinsa ba, ba shinge, ba alamar iyaka. Amma da za ka tambayi mata, kowace bishiya da mai ita. Kaka tana da goma sha ɗaya, ta gaje su wajen uwar mijinta. Ba a hawa, ba a girgizawa, abin da ya faɗo da kansa shi ake tsinta. Da farkon damina mukan fita da sassafe, raɓa na jiƙa mana zane, ita a gaba tana dukan ciyawa da sanda saboda maciji. Ni dai shan 'ya'yan ne aikina, har ta ce rabin amfanin shekara a cikina yake ƙarewa. Da man nan take miya, da shi take shafe jarirai, da shi take fita kunyar biki da suna ba tare da ta roƙi kowa ba.

Ina 'yar shekara tara wasu baƙi suka zo daga jami'a cikin farar mota, maza biyu da mace ɗaya. Tsakiyar rani ne, kurmin ba kowa sai awaki. Suka gaida mai gari, suka zauna da dattawa, aka haɗa su da Baba ya zagaya da su, da yake shi ne malamin firamare. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, baki har kunne.

Kaka kuwa tun daga zaure ta ƙi su da ido. Ba ta kiran sunan Baba, ɗan farinta ne, sai ta ce, "Malam, su waɗannan wa ya aiko su? In sun gama rubutun, wa za su kai wa?"

Baba ya ce, "Karatu ne kawai, Inna. Bincike suke yi."

"To Allah ya sa."

Da macen ta shigo cikin gida da littafinta, ta durƙusa ta yi gaisuwa mai kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. Sai dai ba ta faɗi abin da za a yi da amsoshin ba, kai tsaye ta hau tambaya: me mata suke samowa a dajin can? Kaka ta gyara zama a kan tukunyar mai da ta rufe da faifai da tsohon zane, ta ce, "Mu? Babu. Sai dai itacen girki." Na buɗe baki, ta murɗe mini cinya. Kafin la'asar Kaka ta bi gida-gida tana jan kunne, duk matan unguwa suka ba da amsa iri ɗaya. Lissafinta shi ne, in baƙo ya san akwai abu mai daraja a wuri, zai dawo da manyan motoci.

Ina aji biyu a sakandare ma'aikatan safiyo suka zo suka kafa turaku. An ba wani kamfani kurmin zai yi gona. Kaka ta yafa mayafi ta tafi ƙofar mai gari, ita da ba ta taɓa zuwa ba. Jami'in da ya zo da su ya buɗe wani littafi mai taswira, ya karanto cewa fili ne da ba a amfani da shi, kuma matan garin da kansu suka shaida. Mai gari ya dube ta ya ce, "Iya, ai da bakinku kuka faɗa." Ta juya ta dawo gida. Ranar da katafila ta shiga, ɗaki ta shige ta ja ƙofa.

Na daɗe ina jin haushinta, daga baya haushin ya koma kan Baba. Yanzu na san inda ya kamata in ajiye shi. Baƙin nan na jami'a yini biyu suka yi, a lokacin da bishiya ba ta zubarwa, kuma ba wanda ya dawo ya karanta mana abin da aka rubuta a kanmu.

Ga shi yau ni ce mai littafin. Ina digiri na uku a nan Kuala Lumpur, bincikena a kan Orang Asli ne, 'yan asalin ƙasar nan da ke zaune a bakin dazuzzuka. An samu ci gaba, akwai kwamiti, akwai fom na neman yarda. Amma ni ban cika yarda da fom ba, na san mutum yana iya dangwala hannu zuciyarsa na can wani wuri. Watanni uku da suka wuce na tambayi wata tsohuwa, ta bakin tafinta, me suke samowa a daji. Ta kalli jakata, ta kalli motar da ta kawo mu, ta ce ba komai. Ga kwanduna a rataye bayanta, igiyoyinsu sun yi santsi don ɗauka.

Malamin da ke duba aikina ya ce amsa ai amsa ce, in rubuta in wuce, lokacin tallafin karatuna ya kusa ƙarewa. Na ce masa ban gama ba. Na koma ƙauyen sau huɗu ba littafi, na faɗa wa tsohuwar wanda ya aiko ni da duk wanda zai iya karanta aikin. Har yanzu ba ta yarda da ni ba, kuma wallahi ban ga laifinta ba. Wataƙila in koma gida ba digirin. Amma hannuna ba zai rubuta "babu" a gaban sunan dajinta ba.