Takardar da Na Liƙe a Bango

Ranar Alhamis ce. Na tashi da kiran salla kamar kullum. Na yi alwala da ruwan randa, na yi salla, sannan na jawo tasa biyu daga ƙarƙashin gado. Na ɗauki tsakuwa ɗaya daga tasar dama na jefa a ta hagu. Haka nake ƙirga kwanakin takabata, domin ban yi boko ba, ban san kalanda ba. Na duba abin da ya rage a tasar dama. Goma sha ɗaya.

Sunana Rabi. Ni ce matar marigayi Malam Isa, maigadin wata masana'antar katifa a Idu. Allah bai ba mu haihuwa ba. Ba ni nake rubuta wannan ba. Ina faɗa ne, Barista Safiya tana rubutawa. In kuka ya ci ƙarfina, sai ta ajiye biro ta jira ni.

Da gari ya waye na dama kokon sayarwa. Maƙwabciyata Talatu ta zo ta ɗauki bokitin. Ita take kai mini shi ƙofar masana'anta tun da na shiga takaba. Baba Tanko ya leƙo ta saman katanga. Tsohon Bagwari ne, a yankin aka haife shi, shi ya nuna wa Malam filin da muka gina.

"Matar Malam, saura nawa?"

"Goma sha ɗaya, Baba."

"To, ranar da kika fita ni zan fara zuwa zance."

Na ce ya fara nemo haƙoran cin goron tukuna. Ya yi dariya har da tari. Ƙarfe bakwai jiniyar masana'anta ta yi kuka. Kaji na tono a tsakar gida. Babu abin da ya bambanta wannan safiya da sauran.

Unguwarmu tana bayan Idu, gefen rafi. Mun haura shekara ashirin a cikinta. Da muka zo daji ne. Bayan soja sun koma bariki, Abuja ta kama girma, benaye suka yi ta matsowa. Da farkon damina wasu suka zo da jan fenti suka yi wa kowane gida alama. Sun ce wai ba a san da zamanmu a taswirar birni ba. A makon ne ciwon Malam ya tsananta. Kafin ya rasu ya sa na fasa wani wuri a bangon ɗaki, saman gado. Gwangwanin madara ne a ciki, a cikinsa takardar sayen fili, da sa hannun mai unguwa da dangwalen Baba Tanko. Ya ce mini kada takardar nan ta bar hannuna, ko wa ya zo.

Daga baya wasu lauyoyi suka fara zuwa. Su biyar ne ko shida, ma'aikata ne a cikin gari, ranar Asabar kawai suke samun sarari. Sukan kafa tebur a ƙarƙashin mangwaron masallaci su saurari tsofaffi kyauta. Ko ruwa ba sa yarda a saya musu. Sun ce za su roƙi kotu ta dakatar da rusau. In hakan bai yiwu ba, duk wanda ya nuna shaidar sayen fili za su nema masa wani wurin zama. Abin da suke so kawai kwafin takarda.

Ni ban je ba. Mai takaba ba ta fita. A garinmu haka na ga uwata ta yi, ko zaure ba ta taka ba sai da ta cika.

Ranar Asabar ɗin da ta gabaci Alhamis ɗin nan, Barista Safiya, ɗaya daga cikin lauyoyin, ta yi sallama a ƙofata da kanta. Baba Tanko ne ya gaya mata akwai wata tsohuwa da ba ta zuwa. Ta cire takalmi ta zauna a tabarma ta yi mini ta'aziyya. Na fito da gwangwanin. Ta karanta mini takardar, karo na farko da na ji abin da ke cikinta. Ta ce takarda ce mai kyau. Ta ce in ba ta ta kai Gwarinpa a buga kwafi, kafin la'asar za ta dawo da ita. Na ce Malam ya hana. Ta ce to in shiga motarta mu tafi tare, takardar na hannuna. Na ce takaba nake.

"Mama, addini ya yarda a fita saboda lalura. A tambayi liman."

"'Yar nan, saura kwana goma sha shida. Ki bar ni in cika masa."

Ta rubuta sunana a littafinta. Ta ce Asabar mai zuwa za ta aro kyamara ta ɗauki hoton takardar a gabana, kotu kuma sai Litinin ta sama za ta zauna. Da ta tafi na mayar da gwangwanin cikin bango. Na ga mutane sun san inda yake, sai tsoro ya kama ni. Malam da laka yake liƙewa. Ni sai na kwaɓa laka da ragowar siminti, don ta fi ƙarfi. Na shafe wurin sumul.

Wannan shi ne abin da na yi da hannuna.

Jiniyar bakwai ba ta daɗe da yin shiru ba na ji wata ƙara daga wajen titi. Na ɗauka tifa ce ta yashi. Amma ƙarar ba ta wuce ba. Ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin tabarma. Ruwan randa ya kama motsi. Kaji suka watse.

Sai lasifika.

"Kowa ya fito. Minti goma. Kowa ya fito."

An faɗa da Turanci, an faɗa da Hausa. Na ji mata suna kiran sunayen 'ya'yansu. Na ji ana ɓalle kwanon rufi da guduma, masu ƙarfi suna ƙoƙarin tsira da abin da za su iya. Daga can na ji rugugin farko. Shagon mai niƙa ne a bakin hanya. Ƙura ta taso ta rufe rana.

Na tsaya a bakin ƙofar ɗaki. Ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a dokin ƙofa. Wata huɗu ban tsallake ƙofar gida ba. Na tsaya ina tunanin ko ya halatta. Allah ne kaɗai ya san minti nawa na ɓata a nan. Da na tuna da gwangwanin, katafila ta riga ta shigo layinmu.

Na hau gado. Akwai 'yar wuƙar da mai takaba take riƙewa, tana ɗaure a ƙuguna. Na zaro ta na kama sarar bango. Simintin ya bushe kamar dutse. Bakin wuƙar ya lanƙwashe. Na sa farce. Na ɗauko muciya na buga, ta karye. Na ga gefen gwangwanin ya fara bayyana, kamar faɗin yatsa biyu.

Wajen ƙarfe takwas aka fara harba barkonon tsohuwa. Samarin unguwa sun tare hanya da tayoyi, sun yi jifa. Na ji harbi uku a jere, sannan ihu. Hayaƙin ya shigo ta taga. Idona ya rufe, maƙogwarona ya kama wuta. Ban daina tono ba.

Wani ɗan sanda ya banko ƙofa.

"Fita."

Na nuna masa bangon. Na ce takarda ce, ya ba ni kaɗan.

"Mama, fita. Fita na ce."

Ya fizgo ni daga kan gado. Na riƙe ƙafar gadon, ya buga mini kulki a hannu. Ya ja ni a ƙasa har waje. Ɗankwalina ya faɗi a tsakar gida. Ni da ban bari namiji ya ga fuskata sosai ba tun rasuwar Malam, ga ni a titi kai ba rufi.

Ina kwance a nan katafila ta taɓa gidan. Sau biyu kawai. Na farko katanga da madafa. Na biyu ɗakin. Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an zubar da buhun hatsi. Ta wuce ta bi ta kai, ta nufi gidan Talatu.

Talatu ce ta ɗaga ni. Ta baro bokitin koko a hanya ta dawo da gudu. Ta yage gefen zanenta ta ɗaura mini a kai. Na ce a bar ni in tona. 'Yan sanda sun ja layi, suna kora mu da kulki.

"Gaba. Ku yi gaba. Kada a waiwayo."

Muka gangara rafi. Ruwan ya kai mini gwiwa. Mutane ɗauke da katifu, tukwane, keken ɗinki, wata da jariri a baya da fanka a ka. Wata akuya tana ta kuka a ɗaure jikin ƙyaure, an bar ta. A tsallake na ga Baba Tanko. Maza biyu sun ɗora shi a baro. Dama yana da ciwon ƙirji, hayaƙin ya same shi a cikin ɗaki. Numfashinsa yana fita da ƙara kamar ana zuga wuta.

Muka kama hanyar Gwarinpa a ƙafa. Rana ta take. Motoci suna wucewa, gilashi a rufe. Hannuna ya kumbura, ba na iya lanƙwasa yatsu. Ƙarfe goma sha biyu na jiyo jiniyar masana'anta daga nesa, siririya, kamar ba abin da ya faru. Ma'aikata za su fito cin abinci.

Mun tsaya a gindin wata bishiya saboda Baba Tanko. An ɗaga wa mota uku hannu, babu wadda ta tsaya. Talatu ta ɗiga masa ruwa a baki. Ya buɗe ido ya dube ni. Ana kiran azahar a wani masallaci can cikin gidajen Gwarinpa ƙarar ƙirjinsa ta tsaya. Aka lulluɓe shi da labulen ƙofa. Danginsa suka juya da baron. Ban san inda aka binne shi ba.

Bayan la'asar wani mai a-kori-kura ya tausaya mana. Muka hau baya mu da yawa. Ya bi da mu ta tsakiyar birni. Ban taɓa ganin Abuja sosai ba sai ranar. Tituna masu faɗi, furanni a tsakiya, ana ba su ruwa da tiyo. Ya sauke mu a Karu rana na shirin faɗuwa. Yayar Talatu ta ba mu baranda. A nan na kwana, a nan nake kwana har yau, sai dai yanzu an kewaye mini da buhu.

Barista Safiya ta je Idu ranar Asabar da kyamararta. Ta tarar da fili. An kwashe ɓaraguzai da tifa, an fara kafa shinge. Mako uku tana cigiyata kafin ta same ni. Da ta gan ni ta durƙusa ta riƙe hannuna mai ciwo tana ba ni haƙuri. Ta ce da ta sani da ta kwafe takardar da biro a littafinta. Na ce ba laifinta ba ne. Ita ta zo har ɗakina.

Lauyoyin ba su bar mu ba. Sun dawo da teburinsu wani ajin firamare a nan Karu. Duk Asabar muna zuwa, mu tsofaffin da aka kora, muna zama a kan bencin yara. Damina biyu suna kai da kawowa a kotu. Waɗanda suka ba da kwafi, wasunsu an ba su 'yan filaye can nesa da gari. Talatu tana cikinsu. In ta samu abin gini za ta tafi.

Ni an ce a kawo takarda. In babu, a kawo wanda ya sayar. Mai unguwar da ya sayar mana ya daɗe da rasuwa. In babu, a kawo shaidan da ya dangwala hannu. Barista ta ce ita ta ga takardar da idonta, ta karanta ta. Aka ce ganin lauya ba shaida ba ne. Yanzu ta ce in faɗi komai daga farko, za ta haɗa da takardar rantsuwa ta sake gwadawa. Na tambaye ta ko akwai sa rai. Ba ta iya yi mini ƙarya ba. Ta ce, "Mama, za mu shigar dai."

Benci yana raguwa. Mun fara mu da yawa. Wasu sun koma ƙauye, wasu an kai su makwanci. Ni ba ni da ƙauyen komawa. Duk wanda na sani a can ya riga ni gidan gaskiya.

Ba gadon nake wa kuka ba, ba randa ba, ba kaji ba. Abu biyu Malam ya bar mini in riƙe masa. Takardar ba ta bar hannuna zuwa hannun kowa ba, kuma ba ta tare da ni. Takabar kuwa, kwana ɗari da goma sha tara na yi masa a ɗakinsa. Sauran na yi su a barandar mutane, da ɗankwalin aro.

An ce yanzu akwai dogon gini a wurin, da maigadi a ƙofa. Ban je na gani ba. Tasar dama ban san inda tifa ta zubar da ita ba. Tsakuwa goma sha ɗaya ne a ciki.