Ranar da na shanya tantanin Dakta

Ban taɓa yin aikin da ya ci mini rai kamar wata bakwai ɗin da na yi a ɗakin gwajin Dakta ba. Na yi noman albasa fiye da shekara ashirin, na yi dako a kasuwar Jega, duk ba su gajiyar da ni haka ba. A gona idan ka gaji ka san abin da ya gajiyar da kai. A ɗakin nan kuwa sai ka wuni a tsaye kana kallon mutum yana kallon kwalba.

Lokacin jami'a ba ta daɗe da zama a Aliero ba. Albasa ta ruɓe mini a rudu, rumbun da muke ajiye ta, shekara biyu a jere, danshi ya shige ta, na fusata na bar wa ƙanena gonar. Dakta ɗan Maiyama ne, ɗan yayar matata. Shi ya ce in zo in riƙa share masa ɗaki, in tayar da janareta, in kawo masa ɓawon albasa daga kasuwa. Na karɓa, har na tsaya a bakin masallacinmu na Kashin Zama na ce ni da laka mun rabu har abada. Wannan maganar ita ta ɗaure ni. Duk abin da zan gani a ɗakin, komawa gona a gaban mutanen nan ya fi shi ɗaci.

Dakta ake ce masa, amma ko allura bai iya ba. Aikinsa wani ɗan abu ne da bai fi gwangwanin madara ba, ƙarfe biyu an ɗaure su da kusoshi, a tsakiyarsu wani tantani kamar ledar burodi. Ya ce idan aka tura wata iska da ake cirowa daga ruwa ta gefe ɗaya, iskar da muke shaƙa ta ɗaya gefen, wutar lantarki za ta fito, ba hayaƙi, ba ƙara, sai ɗigon ruwa. Wai wata rana injin ban ruwa ba zai sha fetur ba.

Na ce, "To ita iskar, da mi aka ciro ta?"

Ya ce da lantarki.

"Lantarkin hwa?"

Ya nuna janareta da haɓa.

Ka ji fa. In zuba fetur in tayar da janareta, janareta ya ba da wuta, wuta ta ba da iska, iska ta ba da wata wutar da za ta juya fanka mai faɗin kwabo. Kuma ni ne wanda bai yi boko ba.

Sirrin duk yana jikin tantanin. Ɓawon albasar da nake kawowa shi yake ƙonawa a tanda har ya koma baƙin gari, ya wanke, ya tace, ya sake wankewa. Ya ce ko ka tsaga gashin kai gida dubu, tsagi ɗaya ya fi ƙwayar garin kauri. Nano yake kiranta. Na tambaye shi ko ya taɓa ganinta da idonsa, ya ce a'a, sai an aika wani gari inda ake da na'urar gani. Wannan garin yake damawa da wani ruwa mai danƙo ya zuba a faifan gilashi, ya jira ya zama tantani. Wani ya yage, wani ya huje, wani ya fito lafiya fankar ta ƙi motsi. Ni ke kwashe su zuwa bola.

A wata na bakwai sai ɗaya ya yi. Fankar ta juya. Dakta ya yi tsalle kamar an ce masa matarsa ta haifi tagwaye. Ya ce ranar Alhamis manya za su zo daga Birnin Kebbi su gani, idan suka yarda aiki zai ci gaba, har da nawa. Ranar Litinin ya kwance ƙarafan, ya ciro tantanin da hantsaki, ya sa shi a kwanon gilashi cike da tataccen ruwa irin na batir, ya rufe. Zai tafi Maiyama suna. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Kawu, ka kula min da shi."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Har gobe ina nan a kan haka.

Ranar Talata na gama shara na leƙa kwanon. Abu ya kwana a ruwa, ya yi laushi, ya ɗan kumbura. Ni na ɗauko ɓawon nan a kafaɗata, na san asalinsa albasa ne, kuma duk Aliero babu wanda zai koya mini abin da ruwa ke yi wa albasa. Shi ya raba ni da gonata. Na ce yaron nan da ɗokin suna ya mance abinsa a jiƙe.

Ban sa shi a rana ba, ni ba wawa ba ne. Rana tana dafa albasa. Na yanko guntun zana, na ɗora a kan bulo biyu kusa da taga inda iska ke ratsawa sama da ƙasa, na shimfiɗa shi a inuwa. Da la'asar na juya shi. Ban taɓa yi wa albasata gata irin wannan ba.

Laraba da hantsi Dakta ya dawo. Ya tarar da kwano fayau, ya dube ni, na nuna masa taga ina jiran godiya. Tantanin ya nannaɗe kamar busasshen ganye. Ya sa yatsa biyu zai miƙar da shi, sai muka ji ƙas, ya rabe gida uku.

"Kawu, mi kay yi?"

"Shanya maka shi niy yi. Da ya ruɓe."

"Ba ya ruɓewa! Ruwan nan shi na ransa! In ya bushe ya mutu!"

"Ka hwaɗa min?"

"Wa ad da bukatar a hwaɗa mai wanga?"

Na ce, "Duk wanda yas san albasa."

Da ɗan wani ne da ya zage ni, na rama, mun huta. Amma ni mijin innarsa ne, sai ya haɗiye. Ya zauna a kan kujera da gutsattsarin a tafin hannunsa, yana jera su kusa da juna kamar za su haɗe don kansu. Mutum mai digiri uku, bai iya furta kalma huɗu ba: ka bar shi jiƙe. Haka nake faɗa wa zuciyata ina tsaye da tsintsiya. Amma na daina kallon hannunsa.

Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Je ka gida, Kawu. Ni zan san abin da zan ce musu gobe."

Bai ce kada in dawo ba. Ba sai ya ce ba.

Washegari bayan sallar asuba na ɗaure buhu a bayan keke na bi ta kasuwa. Na cika shi da ɓawo, jan nan mai kauri da ya fi so, na tsince ƙasa da tsakuwa. Na jingina shi a ƙofar ɗakin, na ɗora makullin janareta a kai. Daga nan na miƙe fadama, ta bakin masallacin, ban kauce ba, masu zaman hantsi suka bi ni da ido. Na tarar ƙanena yana fama da injin ban ruwa ya ƙi tashi. Na naɗe wando na shiga lakar, na ce ya matsa, na ja igiyar.