Tazarar Da Ta Kusa Share Muryoyin Dattawa

Wata rana, a wani ƙaramin gidan rediyo a Gusau, ma'ajiyar kwamfuta ta cika maƙil, saura minti arba'in a fara labaran rana.

Aka kira injiniyan gidan, mutum ne da ya san aikinsa. Ya zauna ya rubuta sikirif, wato 'yan layukan umarni da kwamfuta za ta bi ta share foldar da ba a buƙata.

Sunan foldar "Hirarraki Kwafi". Tsohon kwafi ne da ba a ma ƙarasa ba.

A gefenta kuma akwai wata folda, "Hirarraki". Ita ce ta asali: hirar shekara goma sha takwas da dattawan gari, maƙera da majema da ungozomomi. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, kuma babu wani waje da aka adana muryoyinsu.

Sai ga Malama Balaraba, mai buga takardun ofis, ta shigo neman sa hannu.

Shekarunta arba'in da shida. Wata bakwai ke nan tana koyon harkar sikirif a wayarta, a cikin adaidaita sahu, zuwa da dawowa. Abokan aiki har zolayarta suke yi, wai boko da tsufa.

Idonta ya faɗa kan allon kwamfutar.

Ta san wannan kuskuren, don ya taɓa cinye mata hotunan bikin sunan jikarta.

Yatsan injiniya na kan maɓalli. Ta yi tunanin kada a ce ta yi shisshigi. Sai ta daure.

"Injiniya, don Allah dakata. Akwai tazara tsakanin kalmomi biyun da ke sunan foldar nan, kuma ba ka rufe shi da alamar zance ba."

"Malama, wannan fa ba buga wasiƙa ba ne."

"Na sani. Amma ita kwamfuta, in ta ga tazara, suna biyu take gani. Ka ce ta nuna maka abin da za ta taɓa, kafin ka ce ta share."

Ya yi murmushi, ya canza umarnin don dai ya sallame ta.

Layi biyu suka fito.

Na farko ya ce babu wata folda mai suna "Kwafi".

Na biyu ya nuna "Hirarraki". Ta asalin.

Injiniya ya janye hannunsa a hankali, ya share zufa. Ya sa sunan a tsakanin alamun zance guda biyu, ya sake gwadawa. Wannan karon foldar da ake nufi kaɗai ta fito.

Aka share ta, labarai suka tafi a kan lokaci.

Washegari a taron ma'aikata, shi da kansa ya miƙe ya ba da labarin, bai rage komai ba. Ya ce daga yau, duk sikirif ɗin da zai share wani abu sai Malama Balaraba ta duba.

Ita dai ta sunkuyar da kai, tana gyara mayafi, murmushi ya ƙi ɓoyuwa.

Darasi: In sunan folda na da tazara, rufe shi da alamar zance, kuma ka duba kafin ka share. Wanda ke tsaye a bayanka kuwa, ka saurare shi, ko da ba shi da takardar da kake da ita.

Tura wa wanda ya fara koyon wani abu da girmansa, ya san ba a banza yake yi ba.